Jakar Bakkon da Ta Watsa Tashar Paris

Ni 'yar tasha ce, amma ba irin wadda zuciyarku ta raya muku ba. Mahaifina, Malam Isa, shi ne mai ɗakin ajiyar kaya a wata tashar mota a Damagaram, kuma a gindin buhunan mutane na yi rarrafe. Ya fi shekara talatin yana wannan aiki, ko allura ba a taɓa cewa ta ɓata a hannunsa ba. Da na girma na shiga aikin 'yan sanda, na yi shekara tara a komisariya, wato babban ofishinmu, sannan Allah ya ba ni gurbin karatun mastar a Lyon, a fannin shari'ar laifuka da tsaron cikin ƙasa. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya ce rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi a kwanana na huɗu a Faransa. Da sanina na yi shi, ina ma taƙama.

Hutun shekara biyu aka ba ni a wurin aiki, ba ƙarin kwana ɗaya. Mu uku muka nemi gurbin, ni kaɗai ce mace, kuma sauran biyun ba su ɓoye ba, sun ce in je in sha sanyi in dawo hannu rabbana. Baba kuwa abu ɗaya ya roƙa, in kawo masa takardar ya riƙe ta da hannunsa, ko da ba zai iya karanta abin da ke ciki ba. Wannan takarda ita na je nema, kuma kullum da ita nake kwana nake tashi.

A Paris gidan Alhaji Ilu na sauka, tsohon abokin Baba, wanda ya bar tuƙin babbar mota ya zama ɗan kasuwa a Aubervilliers. Unguwa ce ta manyan sito-sito, kwali bisa kwali, ko'ina ana loda kaya ana saukewa, har na ji kamar ban bar tasharmu ba. Alhaji mutum ne mai tsokana, in bai samu wanda zai tsokana ba sai ya tsokani kansa. Matarsa Hajiya Mariya ta yi mini tuwon shinkafa ranar da na sauka, ta ce in ci da kyau, don a Lyon sai burodi da cuku.

A kwana na biyu na nuna musu ni ma na san gari. Na fita ni kaɗai har Porte de la Chapelle, na sayi rigar sanyi wurin wani mai shimfiɗa kaya a bakin titi, ya rantse mini fata ce tsantsa. Na ja shi da ciniki, na dawo ina alfahari. Alhaji ya shafa rigar, ya shinshina, ya ce wannan fatar dai ba a taɓa yanka dabbarta ba. Ruwan farko da ya dake ta, ta fara saɓa kamar maciji. Ni da nake kama masu damfara, an yi mini ita tsakar rana, kuma ban ko karɓi sunan mutumin ba.

Kayana kashi biyu ne. Akwai akwati mai taya, akwai kuma jakar bakko da Inna ta haɗa mini da hannunta: kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa, kowanne a ƙulle cikin leda, an naɗe shi da salatif kamar za a tura shi lahira. Da safen da zan tafi Lyon, Alhaji ya ƙara mini butar lantarki daga shagonsa, ya ce ɗalibi ba ya rayuwa ba shayi. Muka tura ta cikin bakko da ƙyar, zif ya ƙi rufuwa, wayar butar ta leƙo waje tana reto. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Kayansa sun iso ranar, saboda haka ya sauke ni a ƙofar babbar tashar jirgin ƙasa ya juya.

Awa uku kafin lokaci na isa, don a gida haka muka saba, matafiyi ne ke jiran mota. Na samu benci na zauna kusa da wata tsohuwar Baturiya tana karanta littafi. Can fitsari ya matsa mini, ga azahar ta gabato. Na dubi bakko, na dubi nisan banɗaki, sai na yi abin da na ga ana yi tun ina goye. Na tura jakar kusa da ƙafarta, na ce mata da Faransanci ga kayana, yanzu zan dawo. Ta ɗago kai ta yi wani ɗan murmushi. Na ja akwatina na yi gaba, har ina cewa a raina ashe Turawa ma suna da kirki.

Layin banɗaki ya yi tsawo. Da na fito na yi alwala, na shiga neman inda zan yi salla, har na fita wajen tashar. Wani ɗan Mali mai gasa masara ya ga ina waige-waige, ya gane, ya ba ni kwali ya nuna mini alƙibla, ya kuma tsare mini akwati har na sallame. Muka ɗan taɓa hira. Na ji lasifika tana ta magana daga ciki, amma Faransancin lasifika daban yake da wanda muka koya a lakwal, makarantar boko, ban tsinci komai ba. Ashe mai jakar ake ta kira, wato ni. Ashe kuma jirgin tsohuwar ya zo tuntuni, ta rufe littafinta ta tafi abinta.

Da na dawo na tarar an fitar da mutane daga wannan ɓangaren kaf, an ja jan ƙyalle an tare hanya. 'Yan sanda da sojoji sun tsaya, kowa a wurinsa, ba ihu ba gudu. Zuciyata ta yi fari. Na ce yau ga karatu ya zo mini har inda nake, tun ban shiga aji ba. Na kutsa gaba, na ciro ɗan littafina, na fara rubuta yadda suka raba aiki da tazarar da suka bari. Har na taɓa wani mutum da ke kusa da ni na ce masa ya dubi aiki, haka ake so. Aka kawo kare, ya nufi wani benci can nesa, ya shinshina wani abu, ya ja da baya yana atishawa. Na rubuta wannan ma.

Wani ya shiga cikin riga mai kauri ya ajiye wata na'ura, ya dawo. Aka ce kowa ya toshe kunne. Ƙara ta tashi, sai wani koren gari ya turnuƙe sama, ya yi ta sauka a hankali bisa benci da allon lokutan jirage. Kafin in gama mamakin irin wannan bam, iska ta kawo mini wari. Duk duniya ba mai faɗa mini warin daddawar Inna.

Ba zan yi ƙarya ba, ƙafata ta so ta ja ni baya in ɓace cikin jama'a. Ba sunana a jikin jakar, ba wanda ya san ni. Amma ɗiyar Malam Isa ba ta gudu ta bar kayanta, ko da kayan sun zama gari. Na ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya na ce tawa ce.

A ofishinsu wani saurayin ɗan sanda ya zauna ɗaukar bayanina, idonsa jawur saboda yaji. Ya tambayi sana'ata, na ce 'yar sanda. Ya ɗago ya dube ni. Ya tambayi abin da ya kawo ni ƙasar, na ce karatu. Ya ce na me? Na so ƙasa ta tsage in shige, amma na faɗa. Ya ajiye alƙalami, ya ce in ba shi minti ɗaya, ya fita. Ina zaune na ji dariya ta tashi a baranda, tana tafiya daga ofis zuwa ofis. Ba su wulaƙanta ni ba, har kofi suka ba ni. Sai dai sun rubuta sunana da lambar fasfona, suka ce abin zai zauna a rubuce. Suka miƙo mini butar, ta lotsa gefe ɗaya.

Alhaji Ilu ya zo ɗaukata. Ya riƙe fuska har muka fito, muna shiga mota ya kifa kai a sitiyari. Da ya samu numfashi ya ce, "Bon, Kumandan Kuka, shekara ashirin ina garin nan ban tsai da ko keke ba. Ke kwana huɗu kin tsai da jirage." Sunan ya bi ni har yau. Na roƙe shi kada Baba ya ji, ya ce ba daga bakinsa ba.

Lyon ta karɓe ni da ruwan sama. Gari ne mai koguna biyu da tudu, kuma ɗakina yana hawa na biyar a wani tsohon gida marar na'urar hawa, in na miƙe hannu biyu sai in taɓa bango da bango. Watan farko na yi ta gaida maƙwabta a matakala, ina tambayar gajiya da iyali, suna dubana kamar zan roƙe su wani abu. Kewa ta dame ni ƙwarai. Abin dariya, ba mutane na fi kewa ba, miyar kuka ce, don ina sane da inda tawa ta ƙare. Da yamma in dafa shayi a lotsattsiyar butata, wadda duk da abin da ta gani ba ta daina aiki ba, in leƙa taga ina kallon rufin gidaje.

Amma karatun ya yi mini daɗi, har ba na son a tashi. Abubuwan da na yi shekara tara ina yi da ka, sai ga su da sunayensu da dalilansu: yadda ake tsare iyaka ba a takura wa mai gaskiya ba, yadda ake riƙe shaida kada ta lalace kafin a kai ta gaban alƙali, inda ikon ɗan sanda ya tsaya. Na yi ƙawa a aji, Kulodin, 'yar wani ƙauye a bayan duwatsu, mai baki kamar nawa. Ita ta koya mini shiga laburare da cin cukun da ke wari, ni kuma na koya mata ɗaurin kallabi. Uwarta ta aiko mini da rigar sanyi ta gaske da ta ji labarin mai saɓa. Malaminmu na tsaron wuraren taruwar jama'a, Mushe Faber, wato Malam Faber da Faransanci, tsoho ne mai farin gashi, ya yi aikin tsaro shekaru kafin ya koma koyarwa. Yana son tambayoyina, yakan ce ni kaɗai ce a ajin na taɓa kama ɓarawo da hannuna.

Wata safiya a zangon biyu ya ce yau darasin jakar da aka bari ba mai ita ne. Ya kunna majigi. Hoton farko da ya fito, benci ne da daɓe, an yi musu kore shar. Bai faɗi suna ba, shi ma bai sani ba, abokan aikinsa na da ne suka ba shi hotunan. Ya tambayi aji wane irin mutum ne ke yin haka. Wani ya ce sakarai, wata ta ce mai gwada 'yan sanda ne da gangan. Kulodin ta raɗa mini cewa da ita ce, sai ta sa mai jakar ya share tashar da harshensa. Na ce mata gaskiyarki. Ranar na ji haushin kaina fiye da ranar da abin ya faru.

Haka na riƙe sirrina har shekara ta biyu, lokacin estaj, wato watannin da ɗalibi zai yi yana aiki a wata ma'aikata kafin ya rubuta kundinsa. Ba estaj, ba takarda. Wurare da dama ba sa ɗaukar baƙo a irin wannan fanni, na aika dosiye, wato takardun neman gurbi, wuri shida, biyar suka ce a'a. Na shidan sashen da ke kula da tsaron tashoshin jiragen ƙasa ne a Paris. Suka aiko mini fom na binciken hali, kuma a shafi na biyu ga tambaya tana jirana: ko 'yan sanda sun taɓa riƙe ni ko ɗaukar bayanina a ƙasar nan?

Na kira Alhaji. A karon farko bai yi dariya ba. Ya ce in rubuta a'a in rufa wa kaina asiri, ai ba kotu aka je ba, kuma wa zai tona takardar garin kuka. Na kwana biyu fom yana kan tebur. In na ce e, wa zai ɗauki wadda ta watsa tasha ya ba ta tsaron tasha? In na ce a'a aka gano, an kore ni da sunan maƙaryaciya. Ko ta ina, ina hango fuskokin mutanen nan biyu na komisariya ranar da zan sauka hannu rabbana.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kira Baba na faɗa masa komai. Na zaci zai yi faɗa ko dariya. Ina jin hayaniyar tasha a bayansa, sai ya ce, "Rabi, da kika aje mata, kun gaisa?"

Na ce a'a.

"Kin san sunanta? Kin san ina za ta, ƙarfe nawa?"

Na ce ban sani ba.

"Ta buɗe baki ta ce na karɓa?"

Na ce murmushi dai ta yi.

Ya ce, "To ba ajiya kika ba ta ba. Yar da kaya kika yi."

Daga nan ya shiga faɗa mini abin da na girma ina kallo ban taɓa gani ba. Ya ce shi bai taɓa karɓar kayan baƙo ba, sai sun gaisa mutum ya daina zama baƙo. Doguwar gaisuwar nan da nake gani, a cikinta yake jin ɗan gidan wa ne, daga ina, zuwa ina, me ke cikin buhu. Sannan ya ɗaga kayan da hannunsa, in an ce gero ne ya ji nauyin ƙarfe, sai ya ce ɗaki ya cika. In kuwa ya ce na karɓa, to ko gobara ta tashi ba ya matsawa. Game da fom bai ce mini komai ba sai cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na rubuta e, na ƙara shafi biyu na bayani. Washegari na tsaya bayan aji na faɗa wa Mushe Faber cewa koren benci nawa ne. Ya cire tabarau ya yi dariya har da hawaye. Da na ba shi labarin abin da Baba ya ce, dariyar ta tsaya. Ya sa na maimaita, ya rubuta a takarda, ya ce wata uku ina kawo masa batutuwan kundi da na kwaso daga littattafan wasu, ga nawa a gidanmu. Kulodin kuwa da ta ji, kwana uku tana ba ni haƙuri a kan maganar harshe, ina ƙara ja mata rai. Bayan mako biyu aka kira ni ganawa a Paris, ranar Talata ƙarfe biyu, aka ce shugabar sashen, wadda suke kira Kumandan, ba ta jiran kowa.

Ranar na isa tashar Lyon da wuri, na yi fes, takarduna a hannu. Saura minti goma sha biyar jirgina ya tashi, ina waya da Hajiya Mariya, sai na ji an dafa ni. Wata tsohuwa ce da lulluɓi, ga bakko biyu da wani ƙunshi a gabanta. Ta ji Hausa a bakina, fuskarta ta washe. Ta ce, "Ɗiyata, Allah ya kawo ki. Duba min kayan ga in zaga, tun safe nike riƙe." Kafin in buɗe baki har ta juya.

Na ce, "Inna, dawo mu gaisa."

Ta dawo tana mamaki. Cikin minti biyu na ji sunanta Hajo, daga Maraɗi, ta zo wankan jegon matar ɗanta, ɗan ya sa ta a jirgi daga wani gari, ƙanensa da zai tarbe ta a nan bai iso ba. Na karɓi lambarsa na kira, ya ce cunkoso ya riƙe shi. Na tambayi abin da ke cikin kayan, ta lissafa, na ce ta buɗe zif in gani, na ɗaga kowanne na ji nauyinsa. Maganarta da kayanta sun yi daidai. Na dubi agogo. Ma'aikatan tasha ba sa karɓar ajiya a hannu, kayan sun fi ƙarfin mu ja su tare, banɗaki kuma yana ƙasa, ga ta da ciwon gwiwa. In na ƙi, na san abin da za ta yi, za ta tura su kusa da ƙafar wani mai murmushi. Na ce a raina minti bakwai ya ishe ta. Na ce, "Na karɓa."

Minti bakwai ya wuce, goma ta wuce. Aka kira jirgina, wannan karon kuma na ji lasifikar sarai. Ina tsaye ina hango ƙofofinsa, tsakanina da shi bai fi taku arba'in ba. Wallahi na ɗaga ƙafa sau ɗaya. Sai na mai da ita, na zauna a kan bakkon Inna Hajo ina kallo ya ja jiki ya tafi. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, shekara biyu nake gani suna bin bayansa.

Bayan kusan rabin awa ta dawo tana gyara lulluɓi, fuska da danshin ruwa. Ta ce ta ga wuri mai tsabta ne, sai ta yi alwala gaba ɗaya. Na buɗe baki in yi faɗa, sai dariya ta ƙwace mini, don ban ga da wane bakin zan yi mata ba. Da ta gane abin da ya faru ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi ta sa mini albarka, ta zuge jaka ta ciro wani ƙulli ta tura a jakar hannuna, na ƙi, ta ce in na mai da shi ba ta yafe ba. Ƙaramin ɗanta ya iso, na damƙa masa ita da kayanta, na ruga neman wani jirgin.

Ƙarfe huɗu saura na isa ofishin. Na yi waya tun a hanya, sakatare ya ce ba ya jin za a gan ni, amma na je. A ƙofa aka sa jakata a na'ura, mai gadi ya ciro ƙullin Inna Hajo ya kwance bakinsa. Kuka ce, sabuwa, kore shar. Yana cikin juya ta wata mace mai gajeren gashi ta fito da jakarta a kafaɗa za ta tafi gida. Ta tsaya, ta dubi garin, ta dube ni. Ta ce a biyo ta da ni da shi.

Ita ce Kumandan. Ta ajiye ƙullin a tsakiyar tebur, ta ce ita ce ke kan aiki ranar da aka fasa jakata, kuma takalmanta ba su koma daidai ba har ta jefar da su. Ta tambayi dalilin makarata, na faɗa mata tiryan-tiryan. Fuskarta ba ta saki ba. Ta ce, "Kullum muna faɗa wa mutane kada su karɓi kayan wanda ba su sani ba. Ke kin zo neman aiki wurinmu, kin karɓa. Me zai sa in ɗauke ki?"

Na ce, "Ban karɓi kayan wadda ban sani ba, Kumandan. Sai da na san ta. Kuna da mutane da yawa a tashoshinku da suka taso inda ajiya wurin maƙwabcin benci ba laifi ba ce. Lasifika ba ta isa gare su, ni shaida ce. Da na tafi, da yau an sake watsa wata tashar, kuma tsohuwar nan ce za ta zauna inda na zauna."

Ta buɗa dosiyena. Ta ce sun riga sun ga sunana tun kafin fom ɗina ya iso, abin da take jira ta gani shi ne me zan rubuta a shafi na biyu. Ta tura mini ƙullin, ta tambaya wai da gaske cin sa ake yi. Na ce in ta ɗauke ni zan kawo mata miyar. Sai a nan ta yi dariya. Ta ce, "Litinin, ƙarfe takwas. Ki hau jirgin da ke gaban wanda kika yi niyya."

Na fito titi ina tafiya ina dariya ni kaɗai, mutane na kauce mini. A Aubervilliers Hajiya Mariya ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta kaɗa miya da kukar Inna Hajo, na ci tuwo har na kasa tashi. Alhaji ya ce shi dama ya san gaskiya ita ce daidai, gwada ni ya yi.

Wata huɗu na yi tare da su, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar lokacin ba. Na yi ta zaga tashoshi ina zama kusa da matafiya masu manyan jakunkuna, ina gaishe su, ina jin yadda suke yi da kayansu in buƙata ta kama su. A kan haka na rubuta kundina, shafin farko kuma sunan Malam Isa ne. Ranar da na kare shi a Lyon, Alhaji ya ciko mota da 'yan kasuwa cikin manyan riguna, suka cika bayan aji kamar an zo ɗaurin aure. Ba su fahimci rabin abin da ake faɗa ba, amma duk tambayar da na amsa sai in ji an ce madalla daga baya. Da aka ce na ci, Kulodin ce ta fara guɗa, irin wadda Hajiya ta koya mata ranar da na kai ta gidansu, ba ta yi kyau ba amma ta yi ƙarfi.

Na sauka Damagaram da hantsi, ban wuce gida ba, tasha na nufa. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa bisa benci, ya ƙara tsufa, buhuna jere a bayansa. Na durƙusa na ciro takardar cikin ledarta na miƙa masa da hannu biyu, na ce, "Baba, ga ajiya."

Bai miƙo hannu ba. Ya ce, "Mu gaisa tukuna."

Muka gaisa. Ya tambaye ni hanya, da gajiya, da sanyi, da Alhaji Ilu da iyalinsa, har da tsohuwar Maraɗi. Ya tambayi daga ina kayan suka fito da abin da ke ciki, na faɗa masa, 'yan kamasho sun kewaye mu suna dariya. Sannan ya goge hannunsa a riga, ya ɗauki takardar, ya ɗaga ta sama kaɗan yana jin nauyinta kamar yadda yake yi wa buhu. Ya daɗe a haka, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Na karɓa."